Yadda Za Ka Sanyaya Jirgin Surukinka Ka Samu Aure

Kai mai neman 'yar mai jirgin sama, matso kusa. Na yi maka alkawari in ka bi matakan nan, injin zai yi sanyi ƙalau, kai kuma ka angwance. An gwada dabarar a nan Jalingo, a kan abokina Sadisu mai gyaran firji a unguwar Sintali.

Sadisu na neman Mahbuba. Mahaifinta, Alhaji Hammanjoda manomin shinkafa, ya sayi wani tsohon ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya, wanda ya girmi Sadisu nesa ba kusa ba, don ya riƙa leƙa gonakinsa na garin Mutum Biyu daga sama. Sai jirgin ya tsiro da zafi, da an tayar allurar awon zafi ta doshi ja. Alhaji ya ce tunda sanyi ne sana'ar yaron, ya gyara, sannan ya turo magabatansa. Sadisu ya zo wurina neman shawara, ni kuma na ba shi abin da zan ba ka yanzu.

Mataki na 1: Kada ka ce ba ka sani ba

Suruki ba ya yafe wannan kalmar. Durƙusa ka ce, "Baffa, ai ƙaramin abu ne." Zagaya jirgin kana ƙwanƙwasa shi da sifana, kana girgiza kai kamar an kawo maka firjin da wani ya ɓata.

Mataki na 2: Jira matuƙin ya yi tafiya

Kowane tsohon jirgi yana da tsohon matuƙi mai surutu. Na Alhaji sunansa Kyaftin Obadiya. In ka ba shi dama zai ce maka injin nan ba shi da lagireto, iska ce ruwansa. Wai tana shiga ta ƙofofi biyu a bayan farfela, murfin inji ya tare ta, fallayen gwangwani masu baki na roba su tilasta mata bi ta tsakanin haƙarƙarin silinda, irin na injin babur, ta fita ta ƙasa da zafin. Wai murfin da kansa ne yake sanyaya injin. Ka ji fa! Bari sai ya tafi biki Zing sannan ka ɗauko kayan aikinka.

Mataki na 3: In ka ga sheƙa, kada ka tsaya nan

Da Sadisu ya ɗaga murfi, sai ga sheƙar tsuntsu ƙatuwa, ciyawa da tsumma cunkus a kan silindar baya. Ya kira ni da murna, wai ya gano cutar, zai cire ya mayar da murfi. Haushi ya kama ni. Na ce masa wane uba ne zai ba da 'yarsa saboda an kwashe ciyawa? Wannan ko ɗan akuya zai yi. Aikin da ba a yi gumi a kansa ba, ba a ganin girmansa. Jefa sheƙar gefe ka ci gaba.

Mataki na 4: Tuɓe injin

Yi tunani irin na gida. Motar haya in ta yi zafi a hanyar Mutum Biyu, me direba yake yi? Ɗaga bonet yake yi ta sha iska. Kai ma in zafin Maris ya dame ka, babbar riga kake fara cirewa. To kwance murfin gaba ɗaya. Kwance gwangwanayen nan da suka matse silinda, yage robar. Bature ne ya saka su saboda sanyin ƙasarsu.

Mataki na 5: Raba kayan

Kada ka bar wa zuciyarka hanyar komawa baya. Murfin ka ba Hajiya Fanta, uwar yarinyar, a kife wa 'yan tsaki saboda shirwa. Gwangwanayen su tafi madafa a tare wa murhu iska. Robar a tsaga ta a ɗaure kaya a bayan Keke mai ƙafa uku. Ranar nan Sadisu ya sha albarka har da kwanon fura da nono.

Mataki na 6: Tara mutane, a ba shi wuta

Alhaji ya iya tayar da injin, Kyaftin ya koya masa. Ce masa ya ƙara wuta ya bar shi ya daɗe, jama'a su gani. Silindar gaba za ta sha iskar farfela, ka nuna ta da alfahari. Kada ka kalli ta baya. In ƙauri ya tashi, ka ce tsohon datti ne yake ƙonewa. In Alhaji ya leƙo yana cewa allura ta wuce ja, ka sa ya kashe, ka fasa ledar ruwan fiya wata mai ƙanƙara a kan injin. Za ka ji ƙas. Sadisu ya ji sau biyu.

Mataki na 7: Gaishe da matuƙi da ladabi

A daidai nan Kyaftin Obadiya ya sauko daga mota. Ya dubi injin tsirara yana tururi, ya dubi 'yan tsaki a ƙarƙashin murfin, sannan ya tsinci sheƙar a ƙasa. Ya tambayi inda aka samo ta, Sadisu ya nuna masa.

"Ɗana," in ji Kyaftin, "da nan ka tsaya, da ka gama aiki."

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya juya harshe zuwa Fulatanci ya faɗa wa Hajiya wata magana gajeriya, ita kuma ta aika aka ɗauke kwanon furar. Wallahi na tausaya wa Sadisu.

Gargaɗi

Injin ya yi sanyi kamar yadda na alkawarta, don tun ranar bai sake tashi ba. Sauran abin da zai biyo baya, fashewar silinda ko fasa aure, babu hannuna a ciki, shawara na bayar, ban riƙe sifana ba. Masu cewa kuma yanzu suna ganin babur ɗina a ƙofar gidan Alhaji da la'asar, jaje nake zuwa yi wa Mahbuba. Magabatana ma jajen za su kai ranar Asabar, da goro.