Rediyo Irin Nawa Sak

Wani ne surukinsa zai yi tafiyar kwana tara, sai ya kawo masa ajiyar rediyo.

Rediyon nan ya girmi matar mutumin. Eriyarsa ta karye tuntuni, an soka masa ƙarfen tsohuwar lema. Murfin batir ya ɓace, an ɗaure wurin da danƙo. Abin murɗa tasha babu, sai an sa filaya. Mariƙinsa igiya ce. Gilashin gabansa a tsage. Kuma ba ya magana sai an mare shi sau biyu a gefen hagu. Duk da haka tsohon ko 'ya'yansa bai yarda su taɓa shi ba.

Ya ce, "Ga shi nan. Ba don na yarda da kai ba ne, don ɗakinka ba ya yoyo ne. In na dawo na tarar ko ƙwarzane ɗaya ya ƙaru a jikinsa, kada ka sake tako min ƙofar gida."

Mutumin ya durƙusa ya karɓa hannu bibbiyu. "Baba, ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba."

Kwana uku ƙuda bai sauka ba. Ran na huɗu gogan naka yana aske gemu a tsakar gida, sai ya ce bari ya ji labarai. Ya ɗora rediyon a kan kujera kusa da bokiti. Ya mare shi sau ɗaya, shiru. Ya ƙara na biyu da ƙarfi. Tsundum! Rediyo ya shige ruwa.

Ya tsamo shi, ya girgiza, ya shanya a rana. Ya mare shi hagu, ya mare shi dama. Ko tari bai yi ba.

Matarsa ta leƙo daga kicin ta ce, "Shi ke nan. Ka yi wa Baba wanka."

Ya naɗe rediyon a tawul, sai shagon mai gyara da ke bakin titi, tsakanin tela da mai faci. Mai gyara ya buɗe tawul, ya dubi abin, ya dubi mutumin.

"Bawan Allah, gyara ka kawo ko zubarwa?"

"Gyara. Kuma kafin ran Alhamis. Na surukina ne."

"Allah sarki. To ajiye." Ya yagi 'yar takarda ya rubuta masa. "Dawo jibi."

Jibi mutumin ya dawo ya tarar da mutane cike a ƙofar shago. Mai gyara na zaune a benci, ya rafka tagumi. Ashe ya fita cin abincin rana ne ya ja ƙofa ya kulle, ya manta da tagar baya a buɗe. Kafin ya dawo an share kanta tas. Wayoyi, talabijin biyu, dutsen guga, duk sun tafi.

Mutumin ya kutsa. "Har da nawa?"

"Har da naka. Ni ma abin ya ba ni mamaki."

"To yanzu fa?"

Mai gyara ya ce, "Ai ni babu ruwana. Ba ka karanta allon da na rataye ba? An rubuta ɓaro-ɓaro, kayan da ya ɓace a shagon nan ba alhakinmu ba ne."

Mutumin ya ɗaga kai. Ƙusa kawai ya gani a bango.

"Ina allon?"

Mai gyara ya juya ya duba. Ya daɗe yana kallon ƙusar.

"Shi ma sun tafi da shi."

Tela da mai faci suka kwashe da dariya har da riƙe ciki. Mai gyara ya ga babu mafita, ya ce, "Jeka ka dawo gobe. Ni na bar taga, ni zan biya ka."

Mutumin bai yarda ba. Ya ce a ransa, wanda ya ce zai biya ka da sauri haka, akwai abin da yake shiryawa. Sai ya nufi wurin wani abokinsa da ake kira Lauya. Shi dai Lauya bai taɓa kare kowa ba. Ya yi shekara bakwai yana share harabar kotu, abin da ya tsinto ta taga shi yake rabawa a unguwa.

Lauya ya karɓi takardar, ya riƙe ta a juye, ya gyaɗa kai.

"Shari'arka mai kyau ce. Ka ba shi kaya, ya karɓa, ya rubuta. Sakacinsa ya sa aka sace. Shi ne da biya. Amma ka buɗe kunne da kyau. Haƙƙinka shi ne ya mayar maka da irin naka sak. Ba wani ba. Irin naka sak."

"Sak?"

"Sak. Masu shagon nan wayo gare su. Zai miƙo maka wani abu daban, kana karɓa ka zubar da haƙƙinka."

Mutumin ya taho gida yana maimaitawa a hanya, sak, sak, sak, kada ya manta.

Matar ta ji labari ta ce, "Maigida, ka saurare ni. In ya ba ka sabo, ka karɓa ka ruga da gudu. Shekara nawa Baba yana jiran wanda zai saya masa sabo, kunya ce ta hana shi faɗa."

"Ke ba ki san doka ba."

"Na san ubana."

"In ya ga sabo ai ya san an yi wani abu. Ni irin nawa zan karɓo, in ajiye masa inda ya bar shi, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani."

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a," ta ci gaba da wanke-wankenta.

Washegari ya sa babbar rigarsa ya tafi. Mai gyara na ganinsa ya sunkuya ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur. Rediyo sabo fil, a cikin leda, yana ƙyalli. Ya sa batir, ya taɓa maɓalli da ɗan yatsa. Murya ta fito tar, har mai faci ya ajiye famfo ya leƙo.

"Ga shi. Ka yafe ni. Ɗauki ka tafi."

Mutumin ya yi murmushi. Ya ce a ransa, Lauya ya faɗa.

"Malam, kallon wawa kake yi min?"

"Me na yi?"

"Wannan ne na kawo maka?"

"A'a. Wannan ya fi shi sau ɗari."

"To ka ji da bakinka. Ba nawa ba ne. Ni irin nawa nake so, sak. Na san haƙƙina."

"Bawan Allah, ina zan samo irin naka? Kamfanin da ya yi shi ma ya manta ya yi shi."

"Wannan matsalarka ce. Nawa ba shi da wannan doguwar eriyar mai sheƙi. Ƙarfen lema gare shi."

Tela ya ce, "Akwai tsohuwar lema a wurina!" Ya ruga ya kawo.

Mai gyara ya ce, "Ku tsaya, ku tsaya. Karya sabuwar eriya zan yi?"

"Ko ka karya, ko mu haɗu a gaban hukuma."

Mai gyara ya rufe ido. Ƙas! Ya soka ƙarfen lema. Rediyo ya fara shuu.

Mutumin ya ce, "Yawwa, ya fara kama da shi. Murfin batir fa? Nawa ba shi da murfi."

Aka cire murfi. Mai faci ya yanko danƙo daga tsohon tub, shi ya ɗaure da hannunsa, har yana tambaya, "Zagaye nawa, yallaɓai?"

"Uku. Ƙullin a gefe."

Masu wucewa suka fara tsayawa. Wata mai tallan kayan miya ta sauke farantinta ta gyara zama.

"Abin murɗawar nan fa? Cire."

Aka cire.

"Mariƙi."

Aka kwance mariƙi, aka ɗaura igiya.

Mutumin ya ja da baya, ya karkata kai, ya ƙanƙance ido kamar mai sayen mota.

"Gilashin ya yi lafiya da yawa."

Mai gyara ya ɗauki ƙaramar guduma. Ƙwas!

"Kai! Ka ɓata! Nawa daga sama zuwa ƙasa ya tsage, kai ka yi a kwance!"

"To ya zan yi?"

"Ƙara masa ɗaya a tsaye. Zan ce wa tsohon ido ne ya fara yi masa gizo."

Ƙwas!

Jama'a suka yi tafi. Wani daga baya ya ce, "A ƙara masa tsatsa!" Mutumin ya juya ya ce, "Allah ya yi maka albarka, na kusa mantawa." Aka goga wa rediyo baƙin mai da ƙasa har ya koma kamar an tono shi.

Mai gyara ya share gumi. "Shi ke nan? Ya yi?"

"Kunna mu ji."

Ya sa filaya ya murɗa. Rediyon nan, duk da abin da aka yi masa, ya buɗe baki ya ci gaba da labarai kamar ba a yi komai ba.

Fuskar mutumin ta canza.

"Ka gani ko? Ka so ka cuce ni a gaban mutane. Nawa da na kawo maka yana magana?"

"Ba ya yi."

"To me ya sa wannan yake yi?"

Mutumin ya waiwaya.

"Mai faci, ara min bahon nan da kake gwada tub."

Mai faci ya jawo bahon da gudu, ruwa na zuba. Mutumin ya naɗe hannun riga. Ya ɗora rediyon a bakin benci, ya auna da kyau. Ya mare shi sau ɗaya. Ya ƙara na biyu da ƙarfi. Tsundum!

Mai karanta labarai ya yi gulul-gulul, ya yi shiru.

Mutumin ya tsamo shi, ya girgiza, ya kai kunne. Ya mare shi hagu, ya mare shi dama. Ko tari.

Sai fuskarsa ta washe. Ya ɗaga shi sama yana ɗiga, ya nuna wa jama'a.

"Alhamdu lillahi! Wannan shi ne nawa, sak! Kun ga amfanin sanin haƙƙi?"

Ya juya ya ajiye shi a hankali a kan tebur.

"To malam, mun koma inda muka tsaya. Gyara min shi. Jibi Alhamis, tsohon na hanya."

Mai gyara ya ɗauki rediyon, ya wuce ƙarshen shago, ya buɗe tagar baya har ƙarshe, ya ɗora shi a bakinta. Ya dawo ya ɗauki kwaɗonsa.

Mutumin ya ce, "Ina za ka?"

"Cin abinci."

"Ka bar shi a bakin taga! Ba gyarawa za ka yi ba?"

Mai gyara ya ce, "Wanda ya gyara na farkon, shi zai zo ya gyara wannan."