Yadda Za Ka Gyara Allon Kwamfutar Surukinka Ba Tare Da Ka Rasa Amarya Ba

Ɗan'uwa, share guminka, ka zo wurin gwani. Hanyar nan da kaina na gwada ta a unguwar Takur, kuma tana ci ɗari bisa ɗari. Matsalarka na san ta: ka yi kwas ɗin kwamfuta na mako biyu, ka cika Dutse da baki wai kai injiniya ne. Yau ga shi Alhaji Abdurrahim, mahaifin Fiddausi da kake nema, ya aiko kiranka. Allon kwamfutarsa ta kan cinya, wadda ya zo da ita daga Umra, ya lalace. Kuma har yanzu bai ce ya ba ka 'yarsa ba.

1. Shiga da kwarjini

Tuɓe takalmi tun daga zaure, ka durƙusa ka kwashi gaisuwa. Zo da sukundireba uku ka jera su bisa tabarma. Ba za ka taɓa ko ɗaya ba, amma mutane na ganin girman mai kayan aiki.

2. Yi bincike, a ga kana yi

Danna maɓallin ƙara haske. Haska allon da tocila ko rubutu zai fito. Cire batir, hura masa iska, mayar. Bayan kowanne ka ce "Hmm," ka kaɗa kai. Rabin ilimin kwamfuta a cikin "Hmm" yake.

3. Gano cutar, sannan ka haɗiye

Yanzu za ka ga baƙin tabo kamar an zubar da tawada, da 'yan ramuka a jere gwanin sha'awa. Dubi hannun Alhaji. Carbi ne, ƙato, mai manyan 'ya'ya! Ajiye shi ya yi kan maɓallai ya rufe murfin, da ta ƙi rufuwa ya taimaka mata da gwiwar hannu. Madalla, ka gano. To kame bakinka. Ba a taɓa ce wa suruki "kai ne" an zauna lafiya ba.

4. Kada ka kira Davou

Davou mai shagon kwamfuta shi ne ya iya gyaran gaske, amma yana zuwa zai ce, "Ah ah, Alhaji, ai kai ka matse ta da abu!" Shi ya riga ya yi aurensa, ba abin da zai rasa.

5. Tambayar mutuwa

Alhaji zai gyara zama ya ce, "To injiniya, wa ya ɓata min ita?" Hajiya na bayan labule. Fiddausi na tsaye da tiren ruwa, ta kasa kunne. Kada ka ce zafi ne, zai nuna maka fanka. Kada ka ce yaran gidan ne, za su sha bulala, kuma da su za ka zauna har abada.

6. Gyaran kansa

Sunkuyar da kai ka ce, "Baba, ni ne. Garin dubawa na danna da ƙarfi."

Na sani, tun ranar Litinin ta fashe, kai kuwa yau Alhamis ka fara ganinta. Shi ma ya sani. Za ka ga carbin ya sulale cikin aljihu, fuskar Alhaji ta washe. "Allahu akbar! Hajiya, kin ji yaro mai gaskiya? Je ka, na yafe maka duniya da lahira. Turo magabatanka ranar Juma'a." Kada ka yi tsalle sai ka fita zaure.

7. Allon fa?

Wane allo? Kai wa Davou a ɓoye ya aika Kano a samo sabo.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya, ba ruwana, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. Tunda ka amsa sau ɗaya, ka zama mai laifin gidan na dindindin. Ni da ke ba ka shawarar nan shekarata huɗu da aure, kuma jiya aka tura mota har ofis aka ɗauko ni, na durƙusa na ba Baba surukina haƙuri kan tabaraunsa da ya zauna a kai.