Yadda Ake Ƙwato Tabarau Daga Hannun Biri Ba Da Faɗa Ba

Bi matakan nan, na yi maka alkawari tabarau zai dawo kan hancinka ba tare da ka ɓata wa ko ƙuda rai ba. Maƙwabcina Dinanath, tela a garin Vrindavan, ya gwada su ranar da biri ya fizge masa nasa, ga rigar amaryar gobe ko hannu bai sa mata ba.

1. Tuna alwashinka

Kamar Dinanath, ka durƙusa gaban malamin yoga ka ɗauki ahimsa: ba cuta da hannu, ba da baki, ba a zuci. To ajiye dutsen nan. Na gan ka.

2. Fara da gaisuwa

Haɗa tafukanka, ka ce, “Yayana, an wuni lafiya? Ya iyali?” Amma tambayi inda yake tukuna. Dinanath ya daɗe yana gaida tankin ruwa, birin na bayansa a kan katanga.

3. Miƙa toshiyar baki

Mu masana muna ce mata kyauta. Cilla masa kwalin ruwan mangwaro. Birin Dinanath ya shanye, ya maƙala tabarau, ya ƙare masa kallo. Da aka cilla na uku, sai ya kirawo dangi.

4. Haɗiye zagin

Nan ne Sarla, uwar amarya, ta iso.

“Dinanath-ji, ina rigar ’yata?”

“Tana hannun wancan, Yaya.”

“Biri ka ba ɗinkin?”

Wata kalma ta taso masa har maƙogwaro. Ya ja dogon numfashi ta hanci, ya mayar da ita ciki. Ka yi haka.

5. Auri wadda ba ta yoga

Wannan matakin tun da wuri ake yin sa. Kusum, matarsa, ta fito da sandar murza gurasa.

“Matsa, waliyyi.”

Dinanath ya rufe ido don kada ya zama shaida. Duka ɗaya ta kai wa kwanon rufi, biri ya saki tabarau ya arce, amma da gilashin idon dama ƙunshe a kumatunsa.

Da ido ɗaya aka gama rigar. Hannun hagu ya fi na dama tsawo da taƙi guda. Kusum ta gaya wa Sarla yayin Delhi ne, yanzu mata huɗu sun kawo yadi suna son irinsa.

Gargaɗi: cizo, yaƙushi ko fushin uwar amarya, babu ruwana. In kana da ƙorafi, kai wa Kusum. Tana gida.