Yadda Za Ka Kayar da Ɗanka a Gudun Shiga Soja

Kai da ɗanka tilo ya ce soja zai shiga, ba ka so, amma girman kai ya hana ka faɗa: zauna, ka zo wurin masani. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da lissafi a firamare a nan Ƙafin Maiyaki. Na karanta duk takardar sharuɗɗan ɗaukar soja da ta taɓa faɗowa hannuna. Ni kaina a 1986 an fitar da ni daga layi kafin in yi taku ɗaya, saboda gwiwoyina suna gaisawa da juna. Ka bi matakan nan bi da bi, na ba ka tabbacin za ka ga sakamako. Ni ma na gani.

Mataki na 1: Kada ka ce a'a

Idan ya durƙusa ya ce, "Baba, na cike takardar soja," ka gyara zama ka ce, "Madalla, Allah ya yi albarka." Uban da ya hana, dangi ake tara masa.

Nawa ɗan, Kamilu, ya zo mini da maganar wata bakwai bayan rasuwar mahaifiyarsa, Zubaida. Gidan ya rage mu biyu da awaki uku. Cire ɗaya daga biyu ka ga abin da ya saura. Awaki ba sa hira.

Mataki na 2: Naɗa kanka mai horarwa

Ka ce masa duk ƙasar Kiru babu wanda ya san gwajin nan kamarka. Sannan ka bincike shi da fatan samun aibi. Tsawo? Na uwarsa ya ɗauko. Tafin ƙafa? Na sa ya taka ruwa ya taka siminti, ko Allah zai sa shimfiɗaɗɗe ne. Sawun ya fito da lanƙwasarsa kamar an zana. Gwiwa? Miƙaƙƙiya. Gwame ne kaɗai dukiyar da na mallaka, yaron nan ya ƙi gadonta.

Saura gudu. A nan za ka yi aikinka.

Mataki na 3: Kai za ka auna hanya

Hau babur ka bi hanyar Ɗansoshiya, ka dawo da fuskar mai ilmi. Ka ce daga ɗorawar bakin gari zuwa kwalbati kilomita uku ne cif. Kai ka san ya kusa huɗu. Wannan ba ƙarya ba ce, kintace ne, kuma lissafi ya yarda da kintace.

Mataki na 4: Agogo ya zauna a hannunka

Bayan sallar asuba ka riga shi zuwa kwalbati a keke. Idan ya iso yana haki, ka dubi agogo, ka ƙara minti biyu, ka girgiza kai.

"Baba, nawa?"

"Goma sha tara."

"Kai! Jiya ma fa sha tara ka ce."

"To, ni nake gudun ko kai?"

Masana sun ce matashi na zamani, sau uku zai faɗi ya haƙura. Masanan ba su haifi ɗan Zubaida ba. Kamilu ya fara ƙara gudun yamma, ya ɗinka jaka ya cika ta da yashi yana goyawa, yana tsallen kwaɗo daga ƙofar gida zuwa rijiya. Idan naka ya yi haka, kada ka firgita. Mai da ƙarin ya zama minti uku.

Mataki na 5: Ɗura masa abinci

Jiki mai nauyi ba ya gudu. Tuwon masara da daddare, ɗumame da safe, fura da kindirmo daga Kwanar Dangora da rana. Zai cinye tas ya yi godiya, abincin ya wuce kafaɗa maimakon ciki.

A nan ne yayarka za ta sa baki. Tawa, Yaya Kaltume, ta same ni ina kwance ƙullin fura.

"Lado, soja kake kiwo ko ragon layya?"

"Ƙasa nake taimako, Yaya."

"Ƙasa! Ka ce masa kada ya tafi mana. Bakinka zai yage ne?"

"Ni na ce ba na so ya tafi?"

"Fuskarka ta faɗa wa unguwa duka."

Kada ka saurare ta. Ba ta da takardar shaidar koyarwa.

Mataki na 6: Kada ka kula da wasu alamu

Za ka lura wandon da ya yi maka yawa tun sadakar arba'in ya fara zama daidai. Za ka ji kanka kana gaisawa da masu zuwa gona, har kana musu da su a kan taki. Wata safiya ma za ka yi dariya. Duk wannan ba ya cikin shiri. Ka mai da hankali kan agogo.

Mataki na 7: Karɓi sakamako kamar namiji

Kamilu ya dawo daga wajen tantancewa, ya durƙusa inda ya durƙusa da farko.

"Baba, na biyu na zo a rukuninmu. Hanyar tasu ma gajeriya ce."

Na ce, "Sun sassauta ke nan. Aikin soja ya lalace."

Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wani agogon roba mai lambobi, ya ajiye a gabana. A Kwanar Dangora ya saya, in ji shi, tun sati na biyu.

"Wato ka sani?"

"Minti biyu da farko, daga baya uku."

"Shi ne ka bar ni ina ta zuba?"

"Baba, tun da Inna ta rasu, daga ɗaki sai masallaci. Da na ga ka fito har kwalbati kana yi mini faɗa, sai na ce a bar agogon ya yi ta yi."

Idan naka ya faɗi irin wannan, ka dubi wani wuri, ka tambaye shi ko ya ba awaki ruwa.

Ranar tafiya ka raka shi tasha. Motar za ta daɗe ba ta cika ba, za ka sami lokacin faɗar duk abin da ke ranka. Ni na yi amfani da nawa na ce masa ya riƙa ɗaure igiyar takalmi da kyau.

Hattara

Mai wannan rubutu ya wanke hannunsa daga duk abin da zai biyo baya. Idan ɗanka ya zo na ɗaya, kai da mai fura za ku ji da shi. Kada a kawo mini ƙara, musamman da sassafe, don ba na gida. Kamilu ya bar mini agogon roban, kuma keke ba ya son ajiya. Yau minti ashirin da shida na yi zuwa kwalbati. Na ce ashirin da huɗu, na tsaya jiran wanda zai yi mini musu.