Ranar da Na Shanya Faifan Habboba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abubuwan da ke kaina, da ranar lallen Sa'adiyya, ɗiyar kawuna Haruna. Lokacin ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ga gashin baki ya fara tsiro, ga wando mai faɗin ƙafa, ga taƙama sai ka ce ni na haƙa magudanar ruwan da ke shayar da gonakinmu. Ƙauyenmu na Hausawa ne, kusa da garin Wad Haddad, can gabas a kan tsohuwar hanyar alhazai, kowa manomin auduga da dawa, kuma kowa ya san kowa har abin da ke cikin tukunyarsa.

Abin da ya kumbura mini kai shi ne wata uku da na yi a shagon wani mai gyaran rediyo a Sinnar. (Gaskiyar magana shara nake yi da sayo shayi, sai riƙe wa maigidan fitila idan zai leƙa cikin rediyo. Amma wa ya gani?) Da na dawo sai na soke sukudireba a aljihun gaba, ko masallaci da ita nake zuwa. Abokai suka laƙaba mini Bashmuhandis, wato babban injiniya. Su zolaya suke yi, ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu.

A shekarar auduga ta yi kyau, sai Kawu Haruna ya sayo garmaho daga wurin wani direban babbar mota, irin mai murfi da hannu kamar akwati, mai aiki da batir. Kowa ya zaci saboda bikin 'yarsa ne. Mu na cikin gida mun san saboda mahaifiyarsa ce, kakata Dije, wadda kowa ke kira Habboba, yadda Larabawa ke kiran kaka.

Habboba a ƙafa ta zo ƙasar nan daga ƙasar Sakkwato tana 'yar shekara tara, iyayenta na nufin Makka. Suka tsaya neman guzuri a gonakin audugar nan na yankin Jazira, tsayawar ke nan har Allah ya yi musu cikawa. Wata shekara wani baƙo mai tafiya aikin Hajji ya sauka a gidanmu, ya yi damina guda. Da zai wuce bai da abin ba ta na godiya, sai ya ciro faifan garmaho guda ɗaya daga kayansa, ya ce muryar wani makaɗin ƙasarsu ce a ciki. Ta naɗe shi a zane ta kulle a ƙasan akwatinta. Shekara shida yana nan, babu abin da za a ɗora shi a kai. Wani lokaci takan ciro shi ta shafa, ta ce, "Mutanen gida na nan ciki, sun yi shiru." Burinta ke nan a duniya, ta ji shi kafin ta mutu.

To, wa zai haɗa garmaho in ba Bashmuhandis ba? Kawu ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce da babu wawa gara da wawa, ya aike ni Sinnar in sayo batir da faya-fayan da samari za su yi rawa.

Mai kantin da na shiga dattijo ne mai haƙuri. Ya ɗauko faifai ya karkata shi ga haske, ya ce in duba layukan, in babu tsaga babu ƙarce to mai kyau ne. Ya ce in ɗaga shi daidai ido in ga ko gefensa a miƙe yake. Ya ce masu kauri da nauyi su ne bugun asali, masu lanƙwasuwa kamar takarda kuwa kwaikwayo ne, ba sa daɗewa. Ya fara bayanin yadda ake ajiye su ke nan na ɗaga masa hannu.

"Ya Hajji, halas, ya isa haka, ni ɗan sana'a ne."

Ya yi murmushi ya ƙyale ni. Ni kuwa na shiga zaɓe irin nawa: in ƙwanƙwasa faifai da ɗan yatsa in kasa kunne, yadda mata ke zaɓen randa a kasuwa, sannan in duba hoton da ke jikin kwalin. Wanda mawaƙinsa ya fi kyan rawani shi na ɗauka. Na dawo da guda huɗu ina tafiya ina waige, ko wani zai tambaye ni abin da na rungumo.

Ranar lalle da hantsi Habboba ta kira ni ɗakinta. Tsakanina da ita wasan jika da kaka ne, kullum "maigida" take ce mini, ni kuma in ce na sake ta na auri yarinya. Ta buɗe akwati ta miƙo mini faifan da hannu biyu.

"Maigida, ka tabbata ka iya abin ga?"

"Haba uwargida! Karen bana shi ke maganin zomon bana. Yau sai kin taka rawa."

Da na warware zanen sai na ga ƙura ta shiga layukan, har da ƙamshin turaren wuta na akwatinta. Na ce wannan sai wanki. Na sa ruwa da sabulu na wanke shi tas, yana ta ƙyalli. Sai maganar bushewa. Mu a garinmu duk abin da aka wanke ko aka yanyanka, kan rakuba ake ɗora shi, wato rumfar karan da ke tsakar kowane gida. Kuɓewa can, tumatir can, naman miya can, allon yara can. Ban ko tsaya tunani ba. Na tarar da babban tiren ƙarfe na Gwaggo Habi, matar Kawu, ta shanya yankakkiyar kuɓewa a kai. Na tura kuɓewar gefe, na kwantar da faifan, na ce kafin in gama haɗa na'ura ya bushe. Bazara ce fa, irin zafin da jaki ke neman inuwar ɗan'uwansa.

Daga nan na shiga aikin da na fi so, wato a gan ni ina aiki. Aka fito da tebur ƙarƙashin itacen dalbejiya. Na taɓa ganin maigidana na Sinnar yana ɗora kofin ruwa a kan na'ura don ya ga ko ta zauna daidai, sai na ce a kawo mini shayi a kofin gilashi. In ɗora kofi, in tsuguna in rufe ido ɗaya, in ce a cusa kwali ƙarƙashin ƙafar teburin, in ce a cire, in ce a ƙara. Shayi uku na sha da sunan awo. Na hura allura, na goge ta da gashin kaza, na jera batir ina yi wa mutane bayanin kai da gindi. Dattawa suna ta cewa ma sha Allah. Aka kira azahar muka tafi, muka dawo aka ci abinci. Ni dai na manta da kan rakuba sarai.

Bayan la'asar gida ya cika. Na fara da faya-fayan Sinnar. Biyu daga cikin huɗun ƙara suke yi kamar ana suyar ƙosai, amma samari ba su damu ba, aka yi ta rawa ana ɗaga sanduna, mata na guɗa. Can sai aka fito da Habboba cikin farin mayafinta na Sallah, aka zaunar da ita a gadon igiya dab da teburin. Tsofaffin garin, maza da mata, duk suka matso, don labarin faifan nan ba wanda bai sani ba. Kawu ya ce, "Bashmuhandis, kawo na Inna."

Sai a lokacin na tuna. Na ruga bayan rakuba na miƙa hannu, tiren ya ƙone ni. Abin da na sauko da shi ya tanƙware, gefe ɗaya ya ɗaga sama, ɗaya ya lotsa, kamar ganyen kabewa da ya kwana biyu a yanke. Na danna shi a cinya, ya ƙi. Na hura masa iska (har yau ban san abin da nake fata ba). Da mai hankali ne da sai ya je ya faɗi gaskiya. Ni kuwa na ɓoye shi a bayan riga, na zo na ɗora da sauri, na tsaya na kare shi da jikina.

Allura ta sauka. Hannun garmaho ya shiga hawa da gangara. Kiɗa ya fito yana tangaɗi, murya ta ja sama ta yi tsini, ta dawo ƙasa tana gurnani, allura ta yi tsalle ta koma baya, ta sake. Ko kalma ɗaya ba a ganewa.

"Mi ya samu wanga mutum?" in ji wani tsoho. "Ciwon ciki shika yi?"

Nan ne Shaiɗan ya ba ni shawara, na kuma karɓa. Na gyara tsayuwa na ce da ƙarfi, "Ai haka makaɗan Yamma, can ƙasar Sakkwato, suke waƙa. Salonsu ke nan. Ku da ba ku saba ba ne."

Ka ji fa. Ni da ban taɓa wuce Sinja da ke nan kusa da mu ba, ina koya wa mutanen da aka yanke wa cibiya a can yadda ake waƙar garinsu.

Sai ga muryar Gwaggo Habi daga cikin mata. "Wai ba shi ne na gani cikin kuɓewata tun hantsi ba? Wallahi na zaci maganin tsuntsaye anka aza mini!"

Dariya ta fashe. Wani ya faɗo daga kan benci. Amarya da ke lulluɓe, hannu da ƙafa duk lalle, sai da kafaɗunta suka riƙa rawa. Wani abokina ya ɗaga murya ya ce, "Ya jama'a, a kawo turmi a daka, Bashmuhandis ya shanya makaɗi, saura miya!" Kawu ya cire hularsa ya mayar. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Habboba ta ɗaga hannu aka yi shiru. Ba ta ce "maigida" ba, sunana na yanka ta kira, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba, kuma wannan ya fi dariyar zafi.

"Bar faifan ya ci gaba," ta ce. "Kar ka taɓa."

Na tsaya kamar an dasa ni, allura na ta tuntuɓe. Ashe lanƙwasar a gefe ta fi tsanani. Da allura ta matso kusa da tsakiya sai tangaɗin ya ragu, ya ragu, can sai ga kalangu ya fito sarai, ga muryar namiji garau, 'yan amshi na karɓa masa. Ya zo ƙarshen waƙarsa ke nan, yana sallama da mutane, yana kiran garuruwa ɗaya bayan ɗaya yana cewa a kwana lafiya. Bai fi minti ɗaya ba. A cikin garuruwan nan ya kira na su Habboba.

Ta dafe ƙirji. "Mayar," ta ce.

Na mayar da allura daidai wurin. Sau bakwai ina mayarwa, tsofaffi na share ido da gefen mayafi. Na juya ɗaya fuskar, ita ma ƙarshenta kaɗai ya tsira. Da rana ta kusa faɗuwa ta ce ya isa. Ta karɓi faifan a tanƙwarensa ta naɗe a zane, ta dube ni ba tare da fushi ba.

"Shekara shida ina jiran baƙo," ta ce. "Gaisuwarsa ta wuce ni, amma na samu sallama. Alhamdu lillahi."

Damina biyu bayan nan ta rasu. Na yi cigiyar irin faifan a Sinnar, na yi a Madani, na tambayi duk alhajin da ya biyo ta garinmu, ban samu ba. Har yau ban san yadda waƙar nan ta fara ba, ita ma ba ta sani ba, kuma ni ne sanadi.

Yanzu gemuna ya yi fari, samarin da suka yi rawa a ranar saura ƙalilan, su ma in mun haɗu a wurin ɗaurin aure sai wani ya tambaye ni ko makaɗi ya bushe. Darasi ɗaya na ɗauka, na kuwa riƙe shi har ya yi yawa. Ko hanyar gidana baƙo ya tambaye ni, sai na fara cewa, "Wallahi ban sani ba, amma tsaya mu tambaya."