Yadda Dakta Barau Ya Auna Saniyar Maiwada

Allah ya yi wa Talata Mafara baiwa. Ya ba ta kasuwa, ya ba ta shanu, ya ajiye mata ruwan Bakolori a kusa, sannan ya rufe da Dakta Barau. Daktancin nan ba na asibiti ba ne, ba na jami'a ba. Ya same shi ne wata Laraba a shagon mai buga kati. Shi ne babban mai sharhin wasannin waya na Mafara da Bakura da Maradun, kuma shi ya naɗa kansa, don kada a wahalar da jama'a da zaɓe.

Aikinsa ba ƙarami ba ne. Yakan zauna gaban labule, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya jingina waya da gwangwanin madara, ya yanke hukunci. Kowane wasa ya zo gabansa, maki biyu yake samu cikin goma. Mu masu gyaran waya a bakin tasha muka sa masa Malam Biyu-bisa-goma. Ya ji sunan, ya ce ai dole a san mutum da tsantseni.

Ana nan sai wata Hanifa, 'yar Bakura da ta karanci kwamfuta, ta fitar da wasan da ta shekara biyu tana haɗawa bayan ta taso daga aiki. Sunansa Saniyar Maiwada. Labarin wani makiyayi ne da saniyarsa ta ɓace, ya bi sawunta daga Gidan Goga zuwa Faru. Kashi-kashi yake fitowa, duk bayan wata biyu. Ba harbi, ba tsere. Tafiya ce da magana, kai kake zaɓar abin da Maiwada zai faɗa, mutanen cikin wasan kuma ba sa manta abin da ka gaya musu.

Gari ya ɗauka. Masu acaɓa suka ce kashi na biyu ya cika ja, kuma gaskiya suka faɗa. Wasu suka ce muryar matar Maiwada tana shaƙewa a ƙananan wayoyi, nan ma gaskiya ne, mu aka yi ta kawo wa wayoyin. Ɗan Asabe mahauci ya kwana uku ba ya ga maciji da maƙwabcin rumfarsa, saboda a cikin wasan shi ya ba baƙon da ya tarar a daji ruwa, wancan ya hana. Da kashi na uku ya zo, inda Maiwada ya isa ƙauyen kawunsa ya tarar ba kowa sai tukwane a kan murhu, mutane da yawa sun kife wayar. Ba wanda ya nemi a yi masa bayani.

Amma duk wannan surutun jahilai ne. Ana jiran masani.

"Jama'a masu kallona a gida da ƙetare," in ji Dakta, ga mutum talatin da ɗaya da ke kallonsa, "na auna wannan aiki da ma'aunin duniya. Babu motsi. Babu labari. Zaure ɗaya, tsoho ɗaya yana tufkar igiya. Ina tausaya wa yarinyar."

Da kashi na biyu ya fito, ya ce an maimaita kuskure, tsohon nan dai. A na uku ya zurfafa. Ya cire tabarau, ya ce tsohon alama ce ta mutuwar fasaha a Arewa baki ɗaya. Mutane suka yi ta mamaki, don tsohon a farkon kashi na ɗaya kawai yake. Wasu suka ce wataƙila irin hangen masana ne, su suna ganin abin da ba ya nan.

Sai takarda ta zo wa Hanifa daga Kano. Za a yi baje kolin wasannin gida, ana so ta zo da mai sharhi ɗaya daga yankinta, wanda zai hau mumbari ya yi magana a kan wasan. Kafin ta gama karantawa Dakta ya kai shadda wajen tela. Ya sanar da duniya cewa Kano ta kira shi. Ya fara gaisa da mutane da yatsu biyu.

Hanifa ba ta yi musu ba. Ta ce kujera ɗaya ce, duk mai so ya zo Bakura ranar Asabar da hantsi, ya buga wasan a babban allo gaban jama'a, ya faɗi ra'ayinsa. Mutum biyu suka fito, Dakta da Ɗan Asabe.

"Mahauci?" in ji Dakta. "To, Allah ya kawo mu zamanin."

Ranar Asabar ɗakin taro ya cika har tagogi. Dakta ya iso cikin sabuwar riga, ya ce shi zai fara, don na baya ya samu abin koyo. Aka haɗa wayarsa da allo. Kashi na biyu da na uku suka bayyana, kowanne da ɗan kwaɗon kulle a kansa. Ba a taɓa buɗe su ba.

"Na goge ne saboda ku," ya ce. "Mu faro daga tushe."

Ga Maiwada a ƙofar zaure. Ga tsoho a kan buzu yana tufka. Zaɓi biyu suka fito a ƙasan allo. Na farko sallama. Na biyu, "Ina hanyar Faru?" Dakta ya danna na biyu ko kallo bai yi ba. Tsoho ya ɗaga kai, ya dube shi sama da ƙasa, ya koma kan igiyarsa. Dakta ya sake dannawa. Tsoho ya juya masa kafaɗa.

"Kun gani da idonku!" Dakta ya buɗe hannuwa. "Wata shida ke nan haka yake yi mini. Wannan shi ne wasan gaba ɗaya."

Sai muryar Ɗan Asabe daga benci na gaba.

"Dakta, wai mi ya hana ka yi mai sallama?"

"Malam, lokacin mai sharhi tsada gare shi."

"Awo. To shi ko wanga tsoho ba ya da inda za shi."

Dariya ta tashi. Dakta ya ce saboda ilimantar da jama'a zai gwada. Ya danna sallama. Tsoho ya amsa, ya ajiye igiya. Sai wani zaɓi ya fito, a tuɓe takalmi a durƙusa ko a tsaya a tsaye. Dakta ya daɗe yana kallon wannan. Ya durƙusar da Maiwada kamar shi ne gwiwarsa ke ciwo. Ina kwana. Ina gajiya. Da aka zo kan ina iyali, haƙurinsa ya ƙare, ya koma wa tambayar hanya. Tsoho ya ɗauki igiyarsa. Rubutu ya fito a saman allo, manya-manya: "Tsoho zai tuna da wannan."

Wata dattijuwa a bayan ɗaki ta ce, "Mu ma haka."

Aka sake daga farko. Wannan karon jama'a suka karɓi aikin, suna faɗa yana dannawa, kamar ana biya wa ɗan aji ɗaya. Ina kwana! Ina gajiya! Ina iyali! Ina ruwa! Ya muka ji da wanga hali! Gumi ya jiƙa wuyan sabuwar shadda. A gaisuwa ta bakwai tsoho ya yi murmushi, ya miƙo ƙwaryar ruwa, ya tashi ya ture ƙyauren baya.

Allo ya cika da haske. Gonakin gero har iyakar gani, turba ta ratsa tsakiya da sawun kofato a kanta, sarewa tana tashi a hankali. Dakta ya manta makirufo na bakinsa.

"Ashe akwai waje?"

Sai da aka ɗauki lokaci kafin a iya jin maganar kowa. Ɗan Asabe ya hau, ya yi minti biyar. Ya ce kashi na biyu a rage shi, muryar matar a gyara, ƙauyen kawu kuwa kada a taɓa ko tukunya ɗaya. Ya sauka. Ba a ma ƙirga hannuwa ba, kujerar Kano ta zama tasa.

A bakin ƙofa Dakta ya tare Hanifa, ya gyara hula, ya rage murya. Ya ce ita yarinya ce, ba ta san manyan taruka ba, mahauci zai ba ta kunya gaban baƙi. Ya ce shi a shirye yake ya yafe abin da ya faru, a tafi da shi.

Hanifa ta gaishe shi tsaf, tun daga kwana har iyali, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sannan ta miƙa masa wayarsa.

"Dakta, Kano da nisa," ta ce. "Ka fara isa Faru tukuna."