Motar da Burul Ta Bari

"To ya maigidan naki, ya jikoki?" in ji Toktosun.

"Duk suna nan ƙalau, Jezde. Kai ne dai na ga ka ƙara motsewa, sai ka ce cukun bara."

Toktosun bai rama ba. Anarkan ƙanwar matarsa ce, kuma tun ranar da ya zo neman auren yayarta Burul, ita Anarkan ta zuba masa gishiri a shayi, tana 'yar shekara goma sha biyu, ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba a yi wa wani tsiya ba. Jezde take ce masa, wato mijin Yaya, amma yadda take jan kalmar ko zagi albarka. To Burul ta rasu a tsakiyar hunturu, bakin dattijon kuma ya mutu tun daga ranar.

Ga kuma motar. Tunda ƙanƙara ta narke tsohuwar motarsa ta ɗau ciwo. Ba ta riƙe silo, yana sakin totur ta mutu, mai kuwa kamar tankin ya huje. Wani makanike a garin Kochkor ya saurare ta daga kan kujerarsa ya ce inji ya gama yawo. Da labari ya kai wa ɗan Toktosun, Mederbek, a birnin Bishkek sai ya yanke magana: tsoho mai hawan jini ba zai zauna shi kaɗai ba, tafiyar awa guda daga asibiti, babu mota. Yau da la'asar zai iso da mai sayen tsofaffin ƙarafa, a ɗora ta, a kulle gida, Baba ya koma wurinsa a birni, a bene hawa na bakwai. Daga can ba a hango tudun da Burul take kwance. Toktosun tsoro yake ji, tsoro na gaske, kuma bai faɗa wa kowa ba.

"Ina majinyaciyar?" in ji Anarkan tana naɗe hannun riga.

"Tana rumfa. Makanike ya riga ya gani."

"Makanike ya gani, ni ban gani ba. Ubana shekara talatin yana jan babbar motar gonar gwamnati, Allah bai ba shi ɗa namiji ba, mu ya koya wa. Kai kuwa me naka uban ya koya maka? Hawa jaki ta baya."

"Doki ne."

"Jaki ne, na gan shi. Ranar ɗaurin aure shi ya fi ka kyau."

Ya shiga ya murɗa makulli. Motar ta yi tari sau uku ta kama, tana rawa tana jijjiga, madubin gefe na karkarwa. Baƙin hayaƙi ya biyo salansa, warin ɗanyen fetur ya cika rumfar. Anarkan ta sunkuya ta kasa kunne.

"Saki totur."

Ya saki. Ta yi kakari ta mutu.

"Sak kai ke nan in an miƙo maka lauje," ta ce. "Me ka yi mata?"

"Na sake fulogai sau biyu. Na daina shan mai a wurin mutumin bakin gada, ina zargin yana surki."

"Ka ɗau alhakin bawan Allah. Miƙo sifana. Ba wannan ba, Jezde, wannan filaya ce. Shekara nawa ka yi kana karantar da 'ya'yan mutane?"

"Talatin da biyar. Da kin zo ajina da yanzu kin iya gaisuwa."

Ta ɗago ta dube shi, ya ga ta ji daɗi. Ta kwance fulogi ɗaya ta kai masa har hanci.

"Me ka gani?"

"Baƙi. Kamar zuciyarki."

"Shafa ka ji. Jiƙe yake ko bushe?"

"Bushe."

"To da inji ne ya cinye, da baƙin mai za ka gani ya jiƙe shi sharkaf. Wannan kunkunniya ce zalla. Fetur ya yi mata yawa, ko dai kabireta na ambaliya, ko iska ce ba ta isarta. Cok ɗinka yana komawa?"

"Yana komawa. Ni da na haye tsaunin Dolon da motar nan cikin ƙanƙara, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya riƙe da kofin shayi, ko ɗigo bai zuba ba."

"Na san tafiyar. Yaya ce ta tura, kai kana ciki kana salati."

"Addu'ar ce ta haurar da mu."

"To yau ma ka yi ta, ni bari in buɗe tukunyar iska. Yaushe rabonka da ita?"

Gaskiyar magana, Toktosun bai san tana buɗuwa ba.

Noti uku ne a kan murfin. Anarkan ta kwance su ta ajiye a aljihu, ta ɗaga murfi, sai hannunta ya tsaya. An naɗe filtar da kiyiz, irin ulun tumakin nan da mata ke dakawa ya yi kauri su yi shimfiɗa da shi. Ƙurar wata huɗu ta toshe shi ya yi tauri kamar katako. Ta zare shi a hankali ta buga a gwiwa. Da ƙurar ta lafa sai ga jan zare a bakinsa, an yi ɗinkin ƙahon rago ƙanana ƙanana, zagaye guda.

Babu wanda ya tambayi wani ko aikin wa ne. Burul ko tsumman riƙe tukunya ba ta iya bari babu ado.

"Haka Baba yake yi," in ji Anarkan, muryarta ta sauka. "In iska ta kwaso garin ƙanƙara ta cusa a filta, sai ta jiƙe ta daskare. Shi ya sa ake naɗe ta da saukar ƙanƙarar fari, a cire da Noruz, bikin ƙarewar hunturu. Bana Yaya ta saka, ba ta kai ga cirewa ba."

"Ban taɓa ganin ta yi ba."

"Ina za ka gani? Kana ciki kana jiran a sauke maka shayi."

Ya karɓi kiyiz ɗin ya juya shi a hannu. Shekara ashirin da shida yana cika baki a wajen biki cewa motarsa ba ta taɓa ba shi kunya ba saboda ya iya riƙo, Burul tana gefe tana zuba wa baƙi shayi, ko tari ba ta yi. Kunya da kewa suka kama shi, ya juya ya fuskanci bango. Anarkan ta ƙyale shi. Ta kwance sauran fulogan ta goge su ɗaya bayan ɗaya, ta kakkaɓe filtar ta mayar da komai wurinsa, tana jan hanci tana zagin ƙura.

"Zo ka tayar, kada ka jiƙa mini katangar Yaya."

Bugu ɗaya ta kama. Ta furzar da hayaƙi na ɗan lokaci, sannan ya washe.

"Saki totur."

Ya ɗage ƙafa a hankali yana jiran kakarin. Injin ya ci gaba da bugawa daidai, madubi ya tsaya cak. Suka saurara har minti ya wuce.

"Ka sayi sabuwar filta ranar kasuwa," ta ce. "In Mederbek ya iso ka ɗauke shi ku zaga har gada, ka tsaya a kan tudu ka bar ta a silo ya ji da kunnensa. Mai ƙarafan kuma in bai son komawa hannu rabbana, ka hau motar tasa, ai kai ma ka isa awo."

"Ba zai iya farashina ba."

"Da gyara zan haɗa masa."

Ta miƙa hannu ta zare kiyiz ɗin daga cinyarsa, ta ninke ta cusa a aljihun rigarta.

"Wannan ladan aikina ne."

"Anarkan, wannan kam ki bar mini. Ɗauki rago. Ɗauki biyu."

"Ragunanka duk irin ka ne, ƙashi da surutu. Wannan nake so. Tun ina yarinya abin da na sa hannu a kai a gidan nan nawa ne, ba yau za a sake ba."

"To in hunturu ya zo fa? Da me zan naɗe ta?"

"Ranar da ƙanƙarar fari ta sauka, ka tuƙo ta da kanka har ƙofar gidana, ka cire hula ka ce, 'Malama, a taimaka.' Sai in duba in ga ko ka cancanta. Da Noruz kuma ka dawo mini da abina. Kowace shekara haka, har sai ka iya bambanta sifana da filaya."

Toktosun ya dube ta. Ya gane abin da take gaya masa, kuma ya san ba za ta taɓa faɗarsa kai tsaye ba. Dariya ta kuɓuce masa, gajera, mai haɗe da tari.

"Na ji, kin ci. Jaki ne ma, ba doki ba. Aro Baba ya yi."

"Ai na sani. Kashe ta kada ka ƙarar da man, ka je ka ɗora shayi. Yau kai za ka sauke."

Ya kai hannu kan makullin, amma bai murɗa ba tukuna. Ya ɗan ƙara saurarenta.